Ramen ɗin Wuse 2: na je da niyyar ganin indomi mai tsada, na dawo ina zancen romo

Jama'a wannan ramen ɗin, wato taliyar Japan mai romo, da ƙanina Auta ya ishe ni da zancensa tun da ya zo hidimar ƙasa ya sauka wurinmu a Gwarinpa nan Abuja, to na je na ci, ba sau ɗaya ba ma, sau uku, shi ya sa yanzu nake ganin ina da bakin da zan yi magana a kai. Shi Auta ɗan kallon katun ɗin Japan ne tun yana sakandire, can ya ga abin, kullum Yaya wallahi sai kin ɗanɗana, Yaya ba irin wadda kika sani ba ce. Ni kuma amsata ɗaya ce, indomi ce fa, indomin da mai shayin bakin layinmu zai dafa maka da ƙwai biyu da attarugu ka ƙoshi, ita zan ɗauki dubu goma sha wani abu in je in saya a Wuse? A wannan rayuwar da ake ciki? Sai da ya karɓi alawinsa ya ce to shi zai biya, na ga yaron da gaske yake, na ce mu je.

Ranar Asabar ce cikin Agusta, ruwa tun azahar ake tsuga shi bai tsaya ba, gosulo kuwa daga wajen Banex har ka shiga Aminu Kano sai addu'a. Wurin yana can bayan wata filaza, ƙasa, tsakanin mai wankin kaya da wani shagon gyaran waya, allon ma ƙarami ne idan ba an nuna maka ba wucewa za ka yi. Ciki bai fi falon gidan haya ba. Na ƙirga kujeru goma sha huɗu, takwas a jikin wani dogon katako da ke fuskantar kicin, sai tebur biyu a gefe. Babu bango tsakaninka da masu girki, kana zaune kana ganin komai, manyan tukwane biyu suna ta tafasa, tururi ya rufe gilashin ƙofa, ga wani ƙamshi kamar ka shiga gidan da aka haihu ana dafa kajin mai jego. Wannan ƙamshin shi ya fara sauke min kafaɗa, don na san ƙamshin abin da aka daɗe ana dafawa, ba a yin sa da garin leda.

Amma kafin in zauna sai da na yi tambayar da duk musulmi ya kamata ya yi a irin wannan wurin, kuma ina roƙon duk wanda zai je cin ramen ko a ina ne ya yi ta, ba kunya. Dama Auta ya faɗa min a mota cewa a can Japan ramen ɗin da ya fi suna a duniya shi ne tonkotsu na yankin Fukuoka, kuma ma'anar sunan kanta ƙashin alade ne, shi ake tafasawa har romon ya yi fari. Yankan naman da ake ɗorawa a kai, chashu, shi ma asalinsa alade ne. Yarinyar da ke karɓar oda 'yar Jos ce ashe, daga jin Hausarta na gane ta gida ce, ta ce Hajiya bari in kira miki oga da kansa. Ya fito yana goge hannu, mutum ne da bai wuce shekara arba'in ba, Bazazzagi, ya gaishe ni da ladabi.

Na ce Malam don Allah tsakaninka da Allah, me ke cikin tukunyar nan?

Ya ce Hajiya kaza ce zalla, ƙashi da fukafukai da ƙafafu, mahaucina musulmi ne kuma ni nake zuwa in tsaya a yanka. Amma tunda kin tambaya bari in ƙara miki abin da ba ki tambaya ba, ba alade kaɗai ake dubawa a ramen ba. Ya ce akwai wani haɗi mai ƙarfi da ake zubawa a gindin kwano kafin romo, da Japananci tare suke ce masa, shi ke ba da gishiri da ɗanɗano, kuma a girkin Japan kusan kullum da mirin da sake ake haɗa shi, su biyun kuwa giyar shinkafa ne. Ko ƙwan da ake jiƙawa a ruwan soya sos da mirin ake jiƙa shi. Ya ce shi sukari da 'yar zuma yake sawa a madadinsu, sannan ya juya ya ɗauko jarkar soya sos ɗin da yake aiki da ita ya ajiye a gabana ya nuna min tambarin halal a jiki, ya ce in na ga dama ma in leƙa firijin. Ban leƙa ba. Mutumin da ya faɗa maka inda ya kamata ka yi zargi alhali kai ba ka ma san da wurin ba, ai ya gama ba ka amsa. Wallahi wannan abin ya shiga raina sosai, don na sha zuwa wurare a garin nan in yi irin tambayar a ce min babu komai madam, ana kallon gefe, kana gani ka san ita kanta mai amsar ba ta san me aka zuba ba.

Daga baya da muka saba ya ba ni labari, karatun injiniya ya kai shi Japan, ya yi shekaru yana wuce shagunan ramen yana jin ƙamshi ba halin shiga, abokan karatunsa su shiga shi ya tsaya a waje, har sai da ya samu wani shagon halal a Tokyo da ke yin na kaza, ranar da ya fara ci ya ce sai da ya koma washegari, ƙarshe ya nemi aikin wanke-wanke a wurin don kawai ya riƙa ganin yadda ake yi.

To mun yi oda. Ni na ɗauki wanda ya ce shi ne na gidan, tori paitan, wato farin romon kaza, Auta ya ɗauki shoyu mai ruwan soya sos. Minti arba'in muka yi muna jira, zan dawo kan wannan. Da kwanon ya iso Auta ya ce Yaya kar ki taɓa taliyar tukunna, fara kurɓar romon. Na ɗiba da cokalin tangaran ɗin da suka kawo.

Ku saurara, mata masu girki ku za ku fi gane abin da nake nufi. Kun san idan kika dafa ƙafar saniya tun safe har yamma, romon ya yi kauri yana ɗan manne miki a leɓe, idan ya kwana ya daskare kamar an zuba masa wani abu? To haka romon nan yake, amma na kaza, fari kamar an zuba madara alhali ko ɗigon madara babu. Ya ce tun asuba yake ɗora tukunyar, awa takwas tana tafasa da wuta mai ƙarfi, ƙarfin tafasar ne ke narkar da abin da ke cikin ƙafa da fukafukin ya haɗe da kitsen ya zama fari haka, idan da wuta kaɗan ka dafa sai romon ya fito garau kana ganin gindin kwano, irin na Auta kenan. Kuma kafin nan sai an fara tafasa ƙashin an zubar da ruwan farko an wanke shi tas, shi ya sa babu ƙarni ko kaɗan. Ni dai abin da na ji a bakina, farko kaza, kaza sosai kamar an matse kaji biyar a kwano ɗaya, sai citta da tafarnuwa can ƙasa-ƙasa, sai wani ɗanɗano da ke zama a bayan harshe bayan ka haɗiye ya ƙi tafiya. Ga ruwan sama a waje ga sanyin Agusta, zafin ya bi ƙirjina ya sauka, na tuna sanyin Disamba a Jos lokacin da Inna take tashinmu da farfesu idan mura ta kama gidan. Na yi cokali wajen goma ban taɓa komai ba, Auta yana kallona yana murmushi bai ce uffan ba.

Farfesunmu yaji ne ke jan ragama, masoro, kimba, kanumfari, attarugu, su ne a gaba nama yana biye. Nan kuwa sun cire duk wannan sun bar ƙashin ya yi magana shi kaɗai, kuma idan ka cire yaji babu inda za ka ɓoye, in ba ka dafa da kyau ba kowa zai ji. Wannan ne ya sa na ce romon shi ne abincin, sauran duk 'yan rakiya ne.

Sai taliyar. An kawo min tsinkayen nan biyu na cin abinci, na ce a ba ni cokali mai yatsu, yarinyar ta kawo ba wani kallo ba komai, na ji daɗin wannan. Taliyar siririya ce, ɗan rawaya-rawaya, tana da danƙo, ka tauna ta ɗan yi maka gardama kafin ta yanke, kuma tana da wani ƙamshi da na sani amma na kasa tuna daga ina. Sai da na kai rabi na ce wa Auta kai, kanwa nake ji. Ya ce haba Yaya wace kanwa a abincin Japan. Na ɗaga murya na tambayi Malam, ya yi dariya har da tafa hannu ya ce Hajiya ke ce mutum ta farko da ta gane. Ya ce abin da ya raba taliyar ramen da sauran taliya shi ne wani ruwa da ake kwaɓa fulawar da shi, kansui, kuma sinadarin da ke cikinsa dangin kanwa ne, shi ke sa ta yi danƙo ta yi rawaya ko ba a sa ƙwai ba, shi ke hana ta narkewa da wuri a cikin romo mai zafi. Jama'a na zauna shiru. Innarmu ta yi shekara sama da ashirin tana murza taliyar Hausa a Unguwar Rogo, da ita ta biya mana kuɗin makaranta, ni nake juya mata hannun injin bayan mun taso daga islamiyya, ita tana shanyawa a igiya, kuma ban taɓa ganin ta kwaɓa ba tare da ta tsiyaya ɗan ruwan kanwa a ciki ba, idan ka tambaye ta sai ta ce don kar ta caɓe. Ba ta san wata Japan ba, su ma ba su san ta ba, amma hannu ya kai su wuri ɗaya. Injin da ke bayan kantar Malam ma da na miƙa wuya na gani, babban yayan na Inna ne kawai, nasa da lantarki. Idona sai da ya kawo ruwa, gaskiya.

Shi ya faɗa min cewa su kansu Japanawa aro suka yi, daga Sinawa taliyar ta zo musu ta garuruwan bakin teku irin su Yokohama, har an daɗe ana ce mata taliyar Sin, kuma shagon da ake yawan ambata a matsayin na farko a Tokyo an buɗe shi ne a 1910 a unguwar Asakusa. Ita kuwa indomin da na zo ina gori da ita ashe jikar ramen ce. Wani mutum Momofuku Ando shi ya ƙirƙiro ta leda a 1958, ya gano idan ka soya taliya a mai ta bushe za ta daɗe ba ta lalace ba, ruwan zafi kawai take jira, a 1971 kuma ya fito da ta cikin kofi. Tamu Indomie asalinta Indonesiya ne, yanzu a Ota ta jihar Ogun ake yin ta. Kenan ban yi ƙarya ba da na ce dangi ne, amma dangantakar irin ta madarar gari ce da nonon da aka tatso yanzu a ruga, kowanne da ranarsa.

Abubuwan da aka jera a kai ba zan daɗe a kansu ba. Ƙwan rabi biyu, bayansa ruwan kasa saboda ya kwana a jiƙe, kwaiduwar ba ta daskare ba tana nan kamar zuma, ni na so shi sosai amma na san mutanenmu da yawa za su ce ɗanye ne, idan kana cikinsu ka faɗa tun wajen oda su dafa maka shi sosai, suna yi. Naman cinyar kaza ce aka naɗe aka dafa aka yanka fale-fale sannan aka ɗan babbaka, laushi kamar me, sai dai yanka biyu ne kacal, biyu fa. Lawashin albasa ɗanye sharr, ya ce daga kasuwar Farin Gada ta Jos ake kawo masa duk sati, na ce ai dole. Baƙin ganyen tekun nan mai kamar takarda, nori, shi kam ban so ba, ƙarnin kifi nake ji, na miƙa wa Auta. Na shoyu ɗin Auta na ɗanɗana, yana da daɗi, mara nauyi, amma bai kama ƙafar nawa ba.

Wani abu da zai ba ka mamaki, mutanen da ke kan dogon katakon nan sharɓa suke da ƙara, har da wasu 'yan Asiya biyu da suka shigo da kayan aiki, kai a sunkuye ba hira, minti goma sun tashi. Mu da aka tarbiyyantar kar a ji ƙarar bakinka a gaban mutane. Malam ya ce a can ba rashin ladabi ba ne, iskar da kake ja ce ke huce taliyar, kuma ramen ba ya jira, idan ka tsaya hira ko ɗaukar hoto taliyar ta sha romo ta kumbura, ka yi asarar kuɗinka.

Zuwa na biyu da Abban yara muka je, ranar Talata bayan la'asar, ba kowa, minti goma sha biyu aka kawo. Shi mutum ne da in ba tuwo ba to bai ci abinci ba, na zaɓar masa na miso, irin na garin Sapporo da ke arewacin Japan inda ake dusar ƙanƙara, da masara da ɗan bota a kai kamar yadda suke yi a can. Ya kurɓa ya ɗago ya ce Maman Hanifa wannan ai daddawa ce. Kuma kusan hakan ne, waken suya ne ake dafawa a haɗa da gishiri da wani abin ruɓarwa a rufe shi watanni har ya nuna, mu ma ai akwai masu yin daddawa da waken suya idan kalwa ta yi tsada. Nan hira ta ɓarke tsakaninsa da Malam, har ya faɗa mana cewa farin magin nan Ajinomoto da ke kowane kicin a arewa daga Japan ya fito, wani malamin jami'a Kikunae Ikeda ne a 1908 ya gano sinadarin a cikin ganyen teku kombu da suke yin romo da shi, ya sa wa ɗanɗanon suna umami. Wannan ɗanɗanon da na ce yana zama a bayan harshe shi ne, kuma shi ne dai muke nema idan muka jefa daddawa da busasshen kifi a miyar kuka. Abban yara ya nemi yaji, aka kawo masa wani jan mai da Malam yake soyawa da busasshen barkono da attarugu, ya zuba cokali biyu ya share kwanon har ƙasa yana gumi. Amma a mota ya ce min shi fa zuwa dare sai an yi masa tuwo, kuma an yi.

Yanzu abin da bai yi min ba, don kar a ce an biya ni. Jiran ranar Asabar ya yi yawa, mutum biyu ne kawai a kicin, kuma babu wanda ya zo ya ce mana ku yi haƙuri zai ɗau lokaci, da an faɗa da mun je mun yi la'asar mun dawo, ga shi babu wurin sallah a ciki sai ka zagaya masallacin bayan filazar cikin ruwa. Kujerun kan katakon dogaye ne ba majingina, mace mai zani ko doguwar riga ko dattijo zai sha wahala, ku nemi tebur. Fakin babu, mota huɗu ta cika gaban. Da aka ɗauke wuta kafin janareta ya tashi zafin tukwanen nan ya cika ɗakin har numfashi na yi nauyi. Gyoza ɗin da muka ƙara, 'yan ƙullin fulawa masu nikakken nama a ciki, guda biyar dubu shida, gindinsu ya ƙone ya yi ɗaci kuma cikin bai da wani ɗanɗano, ban ƙara saya ba. Sai gishiri. Ramen abinci ne mai gishiri sosai, musamman na miso da na shoyu, ranar farko na kwana ina shan ruwa, mai hawan jini don Allah ya ce a rage masa tare ɗin, wato haɗin gindin kwanon nan, kuma kar ya shanye romon duka, na faɗa wa Malam wannan a gabansa ya ce gaskiya ne kuma duk wanda ya nema ana rage masa. Kuma kar ku yi tekawe. Na yi wa yara sau ɗaya, duk da sun raba romo daban taliya daban, kafin mu kai Gwarinpa taliyar ta dunƙule ta zama curi guda, romon ya huce ya fara kama jikinsa, yaran suka ci suka ce Momi ta mai shayi ta fi. Ba laifin girkin ba ne amma da ni ce su da ban yarda na sayar da shi a roba ba sam.

Kuɗi kuma, kwanona dubu goma sha huɗu da ɗari biyar, na miso dubu goma sha shida, ƙarin taliya idan romonka ya rage, kaedama suke ce masa, dubu biyu da ɗari biyar. Suna karɓar turansifa da kati. Tsada ce, ba zan ce ba tsada ba, kuɗin cefanen kwana biyu ne a gida irin nawa. Amma na zauna na yi lissafi irin na mai shiga kasuwa, kuɗin kaji yanzu, gas na awa takwas kullum, hayar shago a Wuse 2, man janareta, soya sos da miso da ake shigowa da su da dala, ban ga inda mutumin nan yake cutar kowa ba. Ba abincin kullum ba ne, ni dai sau ɗaya a wata idan albashi ya shigo zan iya, kuma ranar aiki zan riƙa zuwa tsakanin azahar da la'asar, in nemi tebur, in ce a rage gishiri a cire min nori a ƙara lawashi.

Zuwa na uku ni kaɗai na je daga ofis. Ina cikin ci Malam ya zo ya tsaya ya ce Hajiya tun ranar da kika ba ni labarin Inna maganarta take cikin raina, har yanzu tana murzawa? Na ce ƙarfi ya ƙare amma takan yi ta gida idan jikoki sun je hutu. Ya ce don Allah idan an samu mai zuwa a kawo masa ko ƙulli ɗaya, yana so ya dafa ya ji yadda kanwar ungurnu take fita a taliya, ko zai iya rage sayen kansui daga waje. Na kira ta a daren na faɗa mata, ta yi ta dariya tana cewa yau ga ikon Allah, taliyata za ta je gidan abincin Japan, ta ce in tambaye shi mai kauri yake so ko siririya. Jiya ta sa an kai leda biyu tasha an ba direban Jos zuwa Abuja, har da ɗan ƙullin kanwar da take amfani da ita, Auta zai je ya karɓo anjima, ranar Alhamis zan kai masa in Allah ya kai mu.